A Haɗa Sa'a da Sa'a: Kira Kan Wasannin Ƙananan Makarantunmu

Gabatarwa

Ni dai ba gwanin ƙwallo ba ne, amma tun ina aji ɗaya nake tsare wa sashenmu gida, domin ranar da aka nemi gola ni kaɗai na ɗaga hannu. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin fili lokacin gasar sassa ya san halin da muke shiga. Da ƙyar muke cika sha ɗaya, wani lokaci ma sai an je ɗakin kwana an taso wani daga barci an ba shi riga. Sashen da aka haɗa mu da shi bara kuwa, 'yan ajinsu ɗaya kaɗai sun fi mu yawa baki ɗaya, har sai da suka yi tankaɗe da rairaya kafin su fitar da waɗanda za su buga. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, sau biyar na sunkuya na ɗauko ƙwallo daga raga. Tun daga ranar, mutum biyu daga cikin 'yan wasanmu ba su sake taka filin ba.

Ni da na koyi Hausa a kasuwa da makaranta, ba a gida ba, a ranar na fahimci karin maganar nan ta "ruwa ba sa'an kwando ba ne" fiye da yadda na fahimce ta a darasin adabin baka. Abin da ya same mu a sashe shi ne yake samun ƙananan makarantu irin tamu idan sun fita gasa da manyan jami'o'i. Don haka ra'ayina a wannan rubutu shi ne, ƙananan makarantun da ke ƙasar Katagum da maƙwabtanta su haɗu su kafa gasa tasu, wadda za a tsara bisa kusanci da kuma daidaiton ƙarfi, a kuma bar ƙofa a buɗe ga wanda ya yi fice ya hau sama.

Rigar da aka ɗinka wa mutum biyar

Ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, ta yi gasarta ta farko a Jami'ar Ibadan a shekarar 1966. A lokacin jami'o'i biyar ne kacal a ƙasar nan: Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. In ban da Ibadan da aka kafa a 1948, sauran huɗun duk tsakanin 1960 da 1962 aka buɗe su, wato kusan sa'o'in juna ne. Haɗa su a fili ɗaya a ce kowa ya nuna bajintarsa bai saɓa wa hankali ba.

A yau jami'o'in Nijeriya sun haura 250, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu. Wasu sun shekara fiye da sittin suna tara filaye da masu horarwa da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni. Wasu kuwa, kamar tamu ta Gadau da aka buɗe a 2011 da sunan Jami'ar Jihar Bauchi kafin a sauya mata suna zuwa Jami'ar Sa'adu Zungur, har yanzu gina ajujuwa da ɗakunan kwana ne a gabansu. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare ma a 2021 aka kafa ta. Duk waɗannan ana so su shiga riga ɗaya da aka ɗinka wa mutum biyar. Gaskiya ne ana yin wasannin share fage na shiyya kafin babbar gasa, amma shiyya ba ta duba shekaru ko yawan ɗalibai. Wanda ya faɗo a ɓangarenka shi ne abokin karawarka, ko da kuwa ya haife ka.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Fatakwal ta sha zama ta ɗaya a teburin lambobin yabo, har da gasar da aka yi a Jami'ar Legas a watan Maris na 2022. Ba na ganin laifinta ko kaɗan, domin ta zuba jari ne ta kwashi riba. Amma mai karatu ya dubi yadda ake ƙirga lambobin. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa za ta buga wasanni da yawa da mutum sha ɗaya a fili, in ta yi nasara ta samu zinare ɗaya tak. Wasan ninƙaya kuwa tsere-tsere ne masu yawa, na maza da na mata, kowanne da zinarensa, ta yadda gwani ɗaya zai iya kwashe lambobi da dama. Ke nan jami'ar da ke da kwamin ninƙaya ta riga ta yi nisa tun kafin a hura usur. Mu da ruwanmu na iyo bai wuce kogi da kududdufin damina ba, ta ina za mu fara?

Bugu da ƙari, gasar da ake cewa ta shekara bibbiyu ce ba kullum take zuwa a kan kari ba. An yi ta a Ile-Ife a 2014, aka yi a Makurɗi a 2017, sannan ba a sake yi ba sai 2022. Annobar korona ta 2020 da dogon yajin aikin malaman jami'o'i na wannan shekarar suna cikin abubuwan da suka faɗo a tsakani. Ɗalibin da ya shiga jami'a bayan gasar Makurɗi zai iya kammala karatunsa bai taɓa ganin NUGA ba. Babbar jami'a tana da wasu hanyoyin da 'yan wasanta za su motsa jini a irin wannan tazara. Ƙaramar makaranta kuwa, in babu wannan gasa, sai dai wasan sada zumunta jefi-jefi.

Maƙwabta na kusa, gasa ta nesa

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka raba mu da maƙwabtanmu. Jami'o'i suna ƙarƙashin NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Saboda haka ɗalibin Gadau da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, waɗanda suke shiga mota ɗaya a tasha, suke cin kasuwa ɗaya, ba su da wata gasa ta ƙasa da za ta haɗa su. Haka nan a taswirar siyasa Gadau tana Arewa maso Gabas tare da Yola da Jalingo da Mubi, alhali Kafin Hausa da ke nan kusa da mu tana Arewa maso Yamma tare da Sakkwato da Birnin Kebbi. Duk tsarin da ya bi wannan taswira zai tura mu tafiyar kwana don mu buga wasan minti casa'in, ya bar maƙwabcin da za mu je wurinsa da safe mu dawo kafin magariba.

Mu ƙirga abin da ke kewaye da mu. Akwai jami'armu a Gadau. A Azare akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. A Jama'are akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya. A Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a 2013, a Haɗeja akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, a Dutse akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, sannan a Potiskum akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha. Makarantu takwas ke nan a jihohi uku, Bauchi da Jigawa da Yobe. In kowace ta kara da kowace sau ɗaya, wasanni 28 ne, kowace makaranta ta buga bakwai. In aka yi gida da waje, kowace ta buga 14. Wannan ya fi abin da yawancin 'yan wasanmu ke samu a duk zamansu na makaranta.

Kuma ba sai an yi shela kafin 'yan kallo su zo ba. Masu tarihi sun san yadda Katagum da Haɗeja suka gwabza a ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarkin Haɗeja Buhari. Kakanni sun kara a fagen fama, to jikoki su kara a filin ƙwallo, a tashi a ci abinci tare. Wasa tsakanin garuruwan da suka san juna yana da armashin da wasa da baƙon nesa ba shi da shi.

Darasi daga Amurka

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta raba makarantu gida uku tun 1973. Rukuni na uku shi ne na makarantun da ba sa ba ɗalibi tallafin karatu don iya wasa kawai, kuma mafi yawansu ƙanana ne. A cikin kowane rukuni, makarantun da ke kusa da juna sukan haɗu su kafa ƙungiyar gasa tasu, su tsara jadawalinsu da kansu. Ta haka ƙaramar kwaleji take samun wasa duk mako a lokacin kaka, da kofin da take da ran ɗauka.

Amma ko a can tsarin bai rasa tangarɗa ba. A Jihar Minesota akwai irin wannan ƙungiya mai suna MIAC da aka kafa a 1920, kuma Jami'ar St. Thomas tana cikin waɗanda suka kafa ta. Da tafiya ta yi tafiya, St. Thomas ta ninka yawancin takwarorinta a yawan ɗalibai, ta gina filaye, ta riƙa kwashe kofuna. A 2017 ta lallasa Kwalejin St. Olaf da ci 97 da nema a ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ta a ruga da ita. A watan Mayun 2019 aka sanar da cewa an cire St. Thomas daga ƙungiyar ba da son ranta ba, kuma dalilin da aka bayar shi ne rashin daidaiton ƙarfi a gasa. Ba ta karya doka ba, laifinta kawai ta fi ƙarfin 'yan'uwanta. Daga baya NCAA ta ba ta izini na musamman ta tsallake rukuni na biyu, ta koma na ɗaya a 2021.

Abu biyu na ɗauka daga wannan labari. Na farko, rashin daidaito yana iya rusa zumuncin da ya kusa shekara ɗari, domin babu makarantar da za ta ci gaba da kashe kuɗi tana kai 'ya'yanta a wulaƙanta su. Na biyu, korar wanda ya yi fice hanya ce mai muni, kuma an kai ga haka ne saboda ba a tanadi matakalar hawa ba tun farko. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke da shi a gida

A gaskiya ba sai mun je Minesota za mu koyi wannan hikima ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya san akwai ɓangarori uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma ya san ba a fara wasa da manya. Yara ne ke buɗe fili, sannan matasa, sai can yamma ta yi manyan 'yan dambe su fito. Ɗan dambe yakan nemi wanda ya yi daidai da shi, kuma wanda aka nema yana da damar ya ƙi in ya ga ba ajinsa ba ne. Yaron da ya yi ta kisa a cikin sa'o'insa, da kansa zai matsa gaba ya nemi na sama da shi. Ba a kore shi daga fili, ba a kuma jefa shi gaban wanda zai karya shi tun yana ɗanye.

Haka ƙwallon ƙafa ta ƙwararru take a ƙasar nan. Ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta faɗo daga babbar gasar Firimiya ta Nijeriya a 2023, ta je ta yi gumurzu a rukuni na biyu, ta kuma dawo a 2025. Faɗuwar ta yi wa magoya bayanta ciwo, amma ba ta kashe ƙungiyar ba, domin akwai inda za ta sauka, akwai kuma hanyar dawowa. Ko a tsakanin ɗalibai, gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL da aka fara a 2018 ta nuna cewa in aka ware wasa ɗaya aka buga shi daki-daki, kofi yana iya zuwa wurin da ba a zata ba. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ɗauki na farko, Jami'ar Maiduguri kuma ta ɗauka a 2021.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na tattauna wannan batu da abokai a ɗakin kwana, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Wani ya ce ware ƙananan makarantu ƙasƙanci ne, kamar mun yarda cewa mu 'yan dagaji ne har abada, kuma ai da karawa da gwani ake zama gwani. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma wanda aka ci bakwai da nema sau ɗaya a shekara, me ya koya? Ƙwarewa tana zuwa ne daga wasa mai zafi da ake yi a kai a kai, inda kuskure ɗaya zai iya sauya sakamako. Kuma ban ce mu fice daga NUGA ba. Cewa na yi mu je mata da ƙafafun da suka buga wasa 14, maimakon waɗanda aka tara mako biyu kafin tafiya. Sannan zakaran wannan gasa tamu a nema masa karawa duk shekara da manya irin su Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ko Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Maiduguri, domin ya auna kansa.

Wani kuma ya ce ina kuɗi? Amsar ita ce, abin da ke cinye kuɗin wasanni shi ne doguwar tafiya da masauki da ciyar da tawaga kwana da kwanaki. Gasar da za a je a dawo a yini ɗaya ba ta buƙatar fiye da motar makaranta da mai da abincin rana da ɗan abin da za a sallami alƙalan wasa. In aka sa ta ranakun Asabar a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an kauce wa ruwan sama da kuma zafin bazara wanda duk mazaunin Katagum ya san shi. Sai dai dole jami'an wasanni na makarantun su zauna su daidaita jadawali, tunda zangon karatu da lokacin jarrabawa sun bambanta daga makaranta zuwa makaranta.

Akwai kuma wanda ya kawo batun sojan gona, wato a ɗauko ƙwararren ɗan wasa daga cikin gari a sa masa rigar makaranta. Wannan cuta ce da ke iya lalata kowace gasar ɗalibai, kuma ƙaramar makaranta mai gaskiya ita ce ta fi cutuwa. A nan ma kusanci yana da amfani, domin a tsakanin Azare da Jama'are da Gadau kowa ya san kowa, baƙuwar fuska ba za ta ɓuya ba. A ƙara da dokar cewa kowane ɗan wasa ya nuna katin shaida da lambar rajista kafin a take wasa, kuma makarantar da aka kama ta rasa makin wannan wasa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce, in ɗaya daga cikin takwas ɗin ta girma ta fi ƙarfin saura fa? Wannan zai iya faruwa, domin ko yanzu ba duka suke da yawan ɗalibai iri ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin a rubuta doka tun ranar farko, kafin a san wanda za ta shafa: duk makarantar da ta ɗauki kofi sau uku a jere, a taimaka mata ta samu gurbi a gasa ta sama, a kuma gayyato wata ta maye gurbinta. Dokar da aka yi kafin rigima ta fi wadda aka yi don a hukunta wani.

Rabonmu mu ɗaliban harshe

Kada mai karatu ya ce wannan magana ta 'yan ƙwallo ce kawai. Gasar da ta zama tamu za mu iya sa mata abin da muke so. Za a iya haɗawa da ƙwallon raga da ƙwallon hannu domin 'yan'uwanmu mata su samu fili, kasancewar waɗannan wasanni ba sa buƙatar kayan aiki masu tsada. Za a iya sa langa da kokawa, waɗanda ake yin su a Bikin Wasanni na Ƙasa a matsayin wasannin gargajiya, mu kuma muke karanta su a darasin al'ada ba tare da mun gan su a harabar makaranta ba. Har ila yau, wa zai yi sharhin wasa da Hausa a lasifika, wa zai rubuta rahoto a wannan mujalla, wa zai tattara kalmomin da 'yan kallo ke ƙirƙira a bakin fili? Aikinmu ne, kuma horo ne ga duk mai sha'awar aikin rediyo ko jarida.

Kammalawa

Ina kira ga jami'an wasanni da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan makarantu da su fara da abin da ya sauƙaƙa. Ko makarantu huɗu ne suka amince a shekarar farko, a fara da su, saura za su biyo baya in sun ga an yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu wanda zai taso daga Abuja ko Legas ya tsara mana wasan da za a buga tsakanin Gadau da Kafin Hausa.

A cikin gida kuma, ina roƙon masu shirya gasar sassa da su duba yiwuwar raba ta rukuni biyu bisa yawan ɗalibai, ko kuma a bar ƙananan sassa su haɗu su fitar da ƙungiya ɗaya. Ni dai na kusa kammalawa, safar hannuna ma ta yage. Burina shi ne wanda zai gaje ni a raga ya shiga fili yana da ran cin wasa, kuma abokan nan namu biyu da suka daina zuwa su samu dalilin dawowa.